Yadda ake ƙara wa rufin motar fowil ƙarfin ɗaukar kaya

Yawancin masu son rufin motarsu ya ɗauki kaya fiye da yadda yake ɗauka suna farawa ne da sayen keriya mai kauri ta baƙin ƙarfe, wadda mai sayarwa ya ce za ta ɗauki kilo 300, su ɗora ta a kan motar da masu ƙera ta suka ce rufinta kilo 75 ko 100 kaɗai zai ɗauka. Wannan keriyar ba ta ƙara wa rufin komai ba. Hasali ma ta rage masa, domin nauyinta yana cikin lissafi: in ta kai kilo 50, aƙalla rabin abin da aka ba ka ya tafi tun ba ka ɗora ko jarka ɗaya ba.

Gara a faɗi gaskiyar tun farko. Adadin da kamfani ya rubuta wa rufin mota ba ya canzawa don ka sauya keriya ko ka sa sufurin mai tauri, wato ƙarfen da ke lotsawa tsakanin taya da jikin mota. Abin da ke hannunka abu uku ne: ka ƙwato kilon da ake ɓarnatarwa a banza, ka gyara hanyar da nauyi ke bi daga keriya zuwa jikin mota don kada wani wuri ya tsage, sannan ka sauko da duk abin da ba dole ne ya hau sama ba. Wanda ya yi waɗannan ukun da kyau yakan ga cewa rufin da yake ganin ya yi masa kaɗan ya ishe shi. Wanda kuma bai ishe shi ba, aikinsa ya zama na injiniya, kuma za mu zo kansa.

Mataki na farko: nemo lambobin motarka

Buɗe littafin da ya zo da motar ka nemi iyakar nauyin rufi. Wannan adadin na mota a tafe ne, a kan kwalta, kuma ya haɗa da keriya da ƙafafunta da duk abin da aka maƙala mata. Bambancin da ke tsakanin motoci babba ne ƙwarai. Suzuki Jimny ƙirar 2018 kilo 30 kacal aka yarje wa rufinta. Sabuwar Land Rover Defender 110 tana iya kaiwa kilo 168 a tafe da kilo 300 a tsaye, in an cika sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya. Ineos Grenadier kuwa kilo 150 a tafe, 420 a tsaye. Yawancin sauran suna tsakanin 75 da 100. Kada ka ɗauki adadin wata mota ka ɗora wa taka don sun yi kama. Ko a ƙira ɗaya, mai rufin gilashi da mai rufin ƙarfe suna iya bambanta.

Me ya sa na tsaye ya ninka na tafiya? Mai ɗauke da kaya a ka ya san amsar: a tsaye wuyansa lafiya lau, amma ya yi tuntuɓe sau ɗaya, sai kayan su zama kamar an ninka su. Idan taya ta faɗa rami da gudu, kilo 80 da ke sama yana iya dukan ƙafafun keriya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau biyu ko uku, kuma a hanya mai gargada wannan dukan ba ya tsayawa, dubbai ne a jere. Shi ya sa mutum biyu za su kwana a tantin rufi ba abin da ya sami motar, amma ba za a yi tafiya da nauyinsu a sama ba. Masu ƙera keriya da dama suna ɗaukar na tsaye a matsayin ninki uku na na tafiya, sai dai in littafin motarka ya ba da nasa adadin, nasa za ka bi.

Akwai adadi na uku, na barin kwalta. Kamfanin Rhino-Rack na Ostareliya, alal misali, yana umartar a raba adadin kwalta da 1.5 a keriyoyinsa da dama idan za a shiga hanyar da ba kwalta. Rufi mai kilo 100 ya koma kusan 66 ke nan. Cire keriya mai kilo 28, saura 38. Tantin rufi mai murfi mai tauri, wanda yakan kai kilo 60 zuwa 80, ya riga ya wuce iyaka shi kaɗai. Wannan lissafin ne mutane ba sa son yi, kuma shi ne ya fi kowane muhimmanci ga motar da aka saya don daji.

Sai ka duba farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba. A nan za ka ga jimillar nauyin da motar za ta iya kaiwa da komai a cikinta, an rubuta GVM ko GVWR, da iyakar ƙafar gaba da ta baya daban-daban. Kayan rufi suna cikin wannan jimillar. Daga ƙarshe ka nemi adadin keriyar da na ƙafafunta. A cikin rufi, ƙafafu da keriya, wanda ya fi ƙanƙanta shi ne iyakarka.

Za ka ji wasu suna cewa ai rufin mota yana ɗaukar ninkin nauyin motar, don haka kilo 200 ba komai ba ne. Gaskiya ne cewa dokar Amurka ta gwajin rufi tana buƙatar ƙananan motoci su jure ƙarfin da ya kai ninki uku na nauyinsu, manya kuma ninki ɗaya da rabi. Amma wannan gwaji ne na ranar da mota ta kife: dannawa ɗaya a kowane gefe, kuma an yarda rufin ya lotsa har kusan santimita 13, muddin na ciki sun tsira. Ba shi da alaƙa da jijjigar shekaru a kan noti huɗu. Ban da haka, adadin littafi ba ƙarfin ƙarfe kaɗai yake aunawa ba; ya haɗa da yadda motar ke kaucewa a gaggauce da kaya a sama, da yadda aka saita na'urar da ke hana ta zamewa.

Mataki na biyu: auna komai

Kada ka yi kirdado. Ɗauki sikelin auna mutum, ka hau da kayan, ka hau babu kayan, ka cire. Litar ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar ƙarfe mai lita 20 cike da dizal tana kusan kilo 21. Safaya tayar babbar fowil da rim ɗinta takan kai kilo 30 zuwa 40. Rumfar gefe kilo 10 zuwa 15 ce, irin mai zagaye bayan mota kuwa takan haura 20. Ƙananan abubuwa su ne masu yaudara: maƙalan shebur, fitilu, akwati, allunan fita daga yashi, igiyoyi. Kowanne kilo biyu ko uku, a haɗe sun kai ashirin. Rubuta duka a takarda, sannan ka kai motar sikelin auna motoci da cikakken lodi, da mai cike da tanki da mutanen da za su shiga, a auna ƙafar gaba daban, ta baya daban. Sau da yawa a nan mutum yake gane cewa ƙafar baya ta cika tun kafin a zo maganar rufi.

Mataki na uku: rage nauyin keriyar kanta

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta samun ƙarin kilo, kuma babu wata doka da ta taka. Keriyar baƙin ƙarfe mai tsawon rufi duka, mai shinge kewaye, takan kai kilo 40 zuwa 60. Shimfiɗaɗɗiyar keriya ta alminiyom mai girma ɗaya takan tsaya tsakanin 20 da 35. Sanduna biyu ko uku na gicciye da ƙafafunsu ba sa cika wuce kilo 10 zuwa 15. Idan tanti ne kawai zai hau, ba ka bukatar keriya gaba ɗaya, domin ƙasan tantin shi kansa faranti ne; sanduna uku masu kyau sun wadatar. Daga ƙarfe mai kilo 50 zuwa sanduna masu kilo 12, ka sami kilo 38 na kaya, kuma rufin bai ji wani ƙarin nauyi ba.

A ganina shingen gefe ba ya biyan nauyinsa. Yana ƙara tsayi, yana kama iska, kuma yana sa mutum ya riƙa jefa kaya ciki ba ɗauri, yana zaton shingen zai riƙe.

Mataki na huɗu: gyara hanyar da nauyi ke bi

Nan ne ainihin aikin yake. Farantin rufi siriri ne, bai kai milimita ɗaya ba a yawancin motoci, kuma ba shi ke ɗaukar kaya ba. Ƙarfin yana gefuna biyu, inda rufi ya haɗu da bangon mota, da kuma ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da tagogi, waɗanda ke sauke nauyi zuwa ƙasan bodi. Duk keriyar da ƙafafunta suka sauka a kan ginshiƙi ko kusa da shi, nauyinta ya sami hanya. Wadda ƙafarta ta sauka a tsakiyar buɗin ƙofa ko saman doguwar taga, tana lanƙwasa gefen rufin a kowane rami, har wata rana ka ga fenti ya tsage ko ƙofa ta fara shigar da ƙura.

Yadda ake maƙala keriya iri-iri ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Mafi rauni ita ce mai kama bakin ƙofa da ƙugiya. Ta kayan kwalta ce, kada ka shiga daji da ita. Sai wadda ake ɗaurawa a kan dogayen sandunan da suka zo da motar. Waɗannan sandunan galibi alminiyom ne da roba a bakinsu, a wurare biyu ko uku kawai aka kafe su, kuma sau da yawa su ne ke fara ba da kai. Cire su ka ɗaura keriyar kai tsaye a ramukan noti na kamfani da ke ƙarƙashinsu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, domin an ƙarfafa wuraren daga ciki tun a masana'anta.

Abin da ya fi wannan shi ne doguwar ƙashin baya: faranti ɗaya a kowane gefe, mai bin tsawon rufin, wanda ke kama dukkan ramukan kamfani lokaci guda, keriya kuma ta zauna a kansa. Amfaninsa shi ne duka ɗaya da zai faɗa wa noti biyu sai ya rarrabu a kan shida ko takwas. Rhino-Rack da Front Runner ta Afirka ta Kudu duk suna yin irin wannan don motoci daban-daban, kuma kowace mota da nata, ba a ɗaukar na wata a lanƙwasa shi ya dace.

Motoci masu magudanar ruwa ta ƙarfe a gefen rufi, irin Land Cruiser 70, tsohuwar Defender da Nissan Patrol Y61, suna da sa'a, domin magudanar tana kan layin da ya fi ƙarfi. Amma ita ma tana tsagewa idan ƙafa huɗu sirara ne ke cizonta. Magani shi ne ƙara yawan ƙafafu, uku ko huɗu a kowane gefe, masu faɗin tafi, ko kuma a shimfiɗa dogon ƙarfe mai roba a cikin magudanar daga gaba zuwa baya, ƙafafun su zauna a kansa. Ka tabbata kowace ƙafa ta zauna daidai kafin a ɗaure. Idan guda ɗaya tana lilo sai an ja ta da noti kafin ta taɓa, to ka ɗaure keriyar cikin murɗiya, kuma wannan wurin ne zai fara karyewa. A sa mata washa ko faranti a cike giɓin.

Jeep Wrangler da makamantanta masu rufin da ake cirewa lamarinsu daban ne. Rufin ba ƙarfe ba ne, don haka keriyar kirki sai ta ratsa shi ta sauka a kan sandunan kariya na ciki da jikin bodi, ko ta zagaye shi ta waje.

Idan ba makawa sai an huda rufi, a sauke silin ɗin ciki tukuna a ga abin da ke ƙasa. Jakar iska ta gefe tana naɗe ne a saman ƙofofi, daidai inda ake son hudawa, tare da wayoyi da bututun zubar ruwan rufin gilashi. A cire kan batir, a jira lokacin da littafin motar ya ce, a sa wa bakin abin huda maƙalin da zai hana shi zarcewa. Kowane rami a goge bakinsa, a shafa masa fentin hana tsatsa, a sa abin toshe ruwa mai laushi irin na jikin mota. Silikon na bandaki ba ya riƙe fenti, wani ma yana jawo tsatsa. Inda hannu zai kai, a sa faranti mai faɗi daga ciki a ɗaure da noti, ya fi kusar matsi ƙarfi. Notin ya zama mai lamba 8.8 a kansa, da macen noti mai roba a ciki wadda jijjiga ba ta kwance ta. Mai kaurin milimita 8 ana ɗaure shi kusan nitin-mita 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, mai 6 kusan 10, sai dai in takardar keriyar ta faɗi wani abu daban, musamman inda zaren yake cikin alminiyom. A yi amfani da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Inda notin ƙarfe mara tsatsa ya haɗu da alminiyom, a shafa man hana kamewa, don in ruwa ya shiga tsakaninsu alminiyom ɗin ne ke cinyewa.

Duk wannan yana sa rufin ya ɗauki adadinsa cikakke shekara da shekaru ba tsagewa. Bai ɗaga adadin littafi ba.

Mataki na biyar: idan da gaske sai an wuce adadin

Hanya ɗaya ce: a ɗauke nauyin daga rufin gaba ɗaya. Ana yin keji na bututun ƙarfe, a ciki ko a waje, wanda ƙafafunsa ke sauka ƙasa, keriya ta zauna a kansa. A nan akwai tarkon da masu walda da yawa ke faɗawa. A motar da ke da shasi daban, bodin yana zaune ne a kan robobi, yana motsi kaɗan ba tare da shasin ba. Idan aka kafe keji a shasi sannan aka kafe shi a bodi ba roba a tsakani, an haɗa abu biyu da ya kamata su yi motsi daban, kuma ɗaya zai yage. Haka nan ba a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, ba a kuma yi masa walda yadda aka ga dama.

A a-kori-kura abin ya fi sauƙi, kuma a nan ne ake samun ƙari na gaske. Firam ɗin da ke tsaye a kan akwatin baya, mai ƙafafu har ƙasan akwatin, yana iya ɗaukar abin da rufin gidan direba ba zai ɗauka ba, kuma ana iya yin sa ƙasa-ƙasa, tanti ya ɓuya a bayan gidan direba. Sharaɗin shi ne kada keriya ɗaya ta kama gidan direba da akwatin baya tare, domin a hanya mai murɗiya kowanne gefensa yake karkata. Murfin baya na fiba kuwa sai da firam a cikinsa kafin a ɗora masa nauyi.

Irin wannan aikin a sa injiniyan da hukuma ta amince da shi ya zana ya sa hannu, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ostareliya, misali, ana iya ɗaga jimillar nauyin mota a hukumance bayan an sauya sufurin da shokozoba, amma wannan takardar ba ta taɓa adadin rufi.

Mataki na shida: lissafa abin da kayan sama ke yi wa tsayuwar mota

Ko an warware matsalar ƙarfe, wannan tana nan. Ɗauki mota mai kilo 2,500, cibiyar nauyinta tana santimita 75 daga ƙasa, tazarar tayoyinta na hagu da dama mita 1.6. Ɗora mata kilo 150 a tsayin mita 2. Ninka kowane nauyi da tsayinsa a mita, ka haɗa, ka raba da jimillar nauyi: 1,875 da 300 sun zama 2,175, a raba da 2,650, cibiyar ta koma santimita 82. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka tana auna saurin kifewar mota ta hanyar raba tazarar tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiya. A misalinmu adadin ya sauko daga 1.07 zuwa ƙasa da 0.98, kuma duk raguwarsa ƙarin saurin kifewa ce. Ƙananan motoci suna wajen 1.3 zuwa 1.5, ka ga fowil dama a kusa da gaɓa take. In kuma an ɗaga motar da dogon sufurin da manyan tayoyi, an ƙara tura cibiyar sama.

Sufurin mai ɗan tauri da shokozoba masu kyau suna rage tangaɗi a kwana, suna kuma sa motar ta daina lilo bayan rami. Suna da amfani, amma ba sa sauko da cibiya ko da santimita ɗaya. Duba kuma lambar nauyi a jikin taya: 112 na nufin kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 121 kilo 1,450 a cikakkiyar iska. Taya biyu na baya su iya ɗaukar abin da sikeli ya nuna maka.

Lissafin cibiyar nauyi ne ke nuna abin da zai sauka. Ruwa da mai su koma tankin ƙasa ko cikin mota a kan daɓe, tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Jarka rabin cika a sama ta fi muni, don ruwan yana watsawa gefe daidai lokacin da motar ke karkata. Fetur dai ba a ajiye shi a ɗaki ɗaya da fasinja, nasa wurin maƙalin baya ne ko ƙarin tanki. Safaya ta biyu ta koma maƙalin bamban baya, tare da tuna cewa nauyin da ke bayan ƙafar baya yana danna ta fiye da kilonsa. Jak, kayan gyara da batir duk ƙasa. Sama ta masu girma marasa nauyi ce: katifa, kujerun naɗewa, tanti, tufafi. Idan har yanzu kaya sun yi yawa, ƙaramar tirela ta fi keji sauƙi da aminci.

Mataki na bakwai: lodi, ɗauri da dubawa

Abu mafi nauyi ya zauna a tsakiyar keriya, tsakanin ƙafafunta, hagu da dama daidai. Rumfa a gefe ɗaya tana bukatar wani abu a ɗaya gefen. Kada kaya su leƙo gaban gilashi, don iska na shiga ƙarƙashinsu tana ɗaga ƙafafun gaba.

Ƙa'idar Turai ta ɗaure kaya a manyan motoci tana lissafa cewa a birki mai ƙarfi kaya suna tura gaba da kashi 80 cikin ɗari na nauyinsu, a kwana kuma kashi 50 zuwa gefe. Yi aiki da wannan. Igiyar roba ba ɗauri ba ce. A sa bel mai ƙarfen matsewa, aƙalla biyu a kowane kaya, a ratsa ta hannun kayan inda zai yiwu, a kuma sa abin tokare a gabansu. Kada a matse har sandar alminiyom ta lanƙwashe.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko a tsaya a bi kowane noti da sifana. A hanya mai gargada a riƙa yin haka kowace safiya, ana duba bel duk inda aka tsaya. Ɗiga wa kowane noti layin fenti da ya ratsa shi zuwa ƙarfen da yake kai, in ya juya za ka gani da ido. Baƙin gari a kewayen ƙafar alminiyom alama ce cewa tana gogawa. Jan layin tsatsa a magudana ko siririn tsagi a fenti alama ce cewa ƙarfen ya fara gajiya, a sauke kayan a gyara kafin a ci gaba.

Auna sabon tsayin motar da lodi, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari saboda ƙananan gadoji da ƙofofin gareji. Sannan ka gwada ta a fili mara cunkoso da ƙaramin gudu: birki, kwana, kaucewa. Da kaya a sama a rage gudu, a ƙara tazara, a hau tudu a sauka a miƙe, a guji ratsa gangare a karkace. Idan taya ta sauka gefen kwalta, a saki totur a dawo a hankali, domin fizgar sitiyari a wannan lokacin ita ke kifar da doguwar mota. Da an dawo daga tafiya a sauke tanti da kayan, keriyar ma in tana ciruwa a cire ta, a wanke magudana da ƙarƙashin ƙafafu, a duba su tun suna fili.